Rarrauna ba rago ba ne

A labaran rediyo na yamma ɗaya kana iya jin mai karatu ya ce mota ta kife a hanyar Kano zuwa Zariya, mutum kaza sun ji rauni, can gaba kaɗan kuma ya ce gwamnati za ta raba hatsi ga masu rauni. Babu Bahaushen da zai ɗauka waɗanda motar ta kife da su ne za a raba wa hatsin. A rubuce harufan ɗaya ne, amma kalmomin da ke rakiyar kowanne su ke nuna inda aka dosa. Raunin farko jin sa ake yi, ko a yi wa mutum shi, yana da jam'i, raunuka, kuma wanda ya yi shi ana cewa ya raunata wani. Na biyu ba a jin sa, ana dai da shi, ba a ƙirga shi ɗaya biyu, aikatau ɗinsa kuwa raunana ne: tsufa ya raunana shi, hujjarsa ta raunana.

Na farkon har farashi gare shi. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san raunin da ya tone har ƙashin kai ko na fuska ya bayyana diyyarsa raƙuma biyar, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa ko ya huda cikin ciki kuwa sulusin cikakkiyar diyya. Na biyun ba shi da farashi, hakki gare shi, kuma a kansa nake so in tsaya, domin shi ne wanda muke yawan faɗa ba tare da mun auna abin da muka faɗa ba.

Sifar da ke fitowa daga wannan rauni ita ce rarrauna. Namiji da mace duk rarrauna ne, sai wajen ɗafi ake bambanta su, rarraunan yaro, rarraunar hujja, jam'i kuma raunana. Tana cikin wani dangi babba na kalmomin Hausa da ke tafiya a kan tsari guda: ƙarfi, ƙaƙƙarfa, ƙarfafa, zafi, zazzafa, zafafa, zurfi, zuzzurfa, zurfafa, kauri, kakkaura, kaurara, faɗi, faffaɗa, faɗaɗa. Wani Bature masanin Hausa a Landan, F. W. Parsons, ya yi rubutu a kan wannan dangi a 1955, ya nuna cewa yawancinsu sunayen abubuwa ne da jiki ke ji, irin su zafi da nauyi da tsami da kaushi. Wannan ya yi daidai da yadda muke ɗaukar rauni: abu ne da ake ji a hannu, kamar in ka lanƙwasa tsumagiya ta bi ka. A hirar yau da kullum ma ba kasafai ake cewa rarrauna ba, an fi cewa mai rauni, ko marar ƙarfi. Rarrauna ta fi zama a bakin mai wa'azi da alƙalamin marubuci.

Ba kowane rashin ƙarfi Hausa ke kira rauni ba, kuma nan ne masu fassarar gaggawa ke yawan yin tuntuɓe. Je teburin mai shayi ka ce ya ba ka rarraunan shayi, zai tsaya yana kallon ka da ludayi a hannu. Shayin da ganye bai kama ba ya yi ruwa-ruwa. Kunun da bai yi kauri ba tsararo ne. Miyar da ba gishiri ba daddawa lami ce. Batir sanyi yake yi, wutar lantarki a ce ba ta kawo da ƙarfi ba, sabis ɗin waya a ce ya yi ƙasa. Ko naira, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024, jaridu sun yi ta rubuta raunin naira, amma a Wapa da Kantin Kwari abin da ake cewa shi ne naira ta faɗi, ko ta karye, ko dala ta tashi.

To me ke karɓar rauni? Abin da ake sa ran ya ɗauki wani nauyi. Magini in zai rufe soro yakan ɗauki azara ya jingina ta, ya taka tsakiyarta, in ya ji ta ba da kai ya ce wannan tana da rauni, a ajiye ta gefe. Ba ya nufin a kai ta murhu. Tana iya yin aiki a kan ƙofa ko taga inda tazarar gajeriya ce, ɗaukar ƙasar rufin babban ɗaki ne ba za ta iya ba. Haka sauran suke. Raunin gani shi ne ido ya kasa ɗaukar rubutu ko nesa. Raunin ji, raunin hadda, raunin fahimta, raunin hujja, raunin imani, kowanne akwai wani kaya da aka ɗora, abin da aka ɗora wa kuma ya lanƙwashe. Saboda haka duk wanda ya ce wane rarrauna ne bai gama magana ba sai ya faɗi a kan wane kaya. Mutum guda yana iya zama rarrauna a gona, ƙaƙƙarfa a gaban alƙali.

Akwai kuma raunin da zuciya ke yi, wanda marubutan labaran soyayya suka riƙe hannu bibbiyu: muryarta ta raunana, idanunta suka yi rau-rau, zuciyarsa ta yi rauni. Wannan ba aibu ba ne a idon kowa. Uwa tana da rauni a kan autanta, kowa ya sani, ba kuma wanda ke ganin laifinta. Sai in wani ya gano wannan wurin yana bi ta nan don ya cuce ta, a nan sai kalmar ta sauya, a ce ya gano lagonta. Lago shi ne rauni in an dube shi ta idon abokin gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Inda na fi so mu kula shi ne tsakanin rarrauna da rago. Rago yana da ƙarfin, ya ƙi fitar da shi. Ga damtse, ga lafiya, ga gona, ga damina, amma rana ta take yana kwance a inuwa. Shi ya sa ragwanci zagi ne, ana yi wa yaro faɗa a kansa, ana hana mutum aure saboda shi. Rarrauna kuwa ya fitar da duk abin da yake da shi, bai kai ba. Ba a zagin mutum da rauni sai in mai zagin ne ba shi da tarbiyya. Kumama yana tsakani: wanda rashin kuzari ya zame masa jiki, komai nasa a sanyaye, kalmar tana ɗauke da tausayi da ɗan raini a haɗe. Kasala kuma baƙuwa ce, takan zo ta tafi, ko ƙaƙƙarfa tana kama shi bayan zazzaɓi ko a tsakiyar azumi. In aka ce jikinsa ya yi sanyi, ko ya yi la'asar, ko gwiwarsa ta yi sanyi, ba ƙarfin jiki ake nufi ba, labari ne ya buge shi.

Wannan bambanci ba ƙwarewar harshe kawai ba ne, akwai rayukan mutane a ciki. Yaro mai sikila da ba ya iya ɗebo ruwa kamar sa'o'insa, sau nawa ake ce masa rago kafin a kai shi a gwada jininsa? Matar da jini ya yi wa ƙaranci bayan haihuwa, tana tashi jiri na ɗibar ta, a ce son jiki ne. Ɗalibin da ke zaune a bayan aji bai ganin allo, a yi ta dukan sa a kan daƙiƙanci alhali tabarau yake bukata. Magidancin da ciwon suga ke ci a ɓoye, ya rage fita kasuwa, a fara gunaguni ya zama ragon maza. Duk inda aka kira rauni da sunan ragwanci an yi zalunci biyu: an hana magani, an kuma ɗora laifi. Kishiyar haka ma tana faruwa, rago ya fake da rauni don a ɗauke masa aiki, amma a abin da nake gani wannan bai kai wancan yawa ba, kuma ɓarnarsa ba ta kai ba.

A asibitocin da ke kula da tamowa an mayar da rauni abin da ake aunawa. Ma'aikaciyar lafiya za ta zaunar da uwa, ta ɗaga hannun yaron na hagu, ta naɗa wani siririn ma'auni mai launi uku a tsakiyar damtsensa. In ya tsaya a kore, lafiya. Rawaya, daga santimita 11.5 zuwa 12.5, a sa ido. In ya faɗa ja, ƙasa da 11.5 ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, tamowa ta yi tsanani, sai a fara ba shi abincin gyaɗa na leda. Yaron nan sau da yawa ba ya ko kuka, yana kwance lakwas a kafaɗar uwarsa, kuma wannan shirun ne ke sa a gida a yi zaton haƙuri ne da shi.

Nauyin da kalmar ke da shi a kunnen Bahaushe mafi yawansa daga karatun addini ya zo, domin da ita malamai ke fassara kalmomin Larabci da dama a tafsiri. A Suratun Nisa'i, aya ta 28, an ce an halicci mutum yana mai rauni. A Suratur Rum, aya ta 54, an zana rayuwa gaba ɗaya: daga rauni, sai ƙarfi, sai kuma rauni da furfura. A Suratu Luƙman, aya ta 14, uwa ta ɗauki cikin ɗanta rauni a kan rauni. A Suratul Ankabut, aya ta 41, mafi raunin gidaje shi ne gidan gizo-gizo. Wanda ya tashi yana jin waɗannan a kowane azumi ba zai ɗauki rauni abin da ya shafi wasu can ba. Ƙarfi ne ɗan tsakiya, rauni ne a farko da ƙarshe.

Daga nan hakkin ke fitowa. Mu'azu ɗan Jabal ya ja wa mutanensa sallar isha'i ya tsawaita karatu, har wani ya fice daga sahu, Manzon Allah (SAW) ya yi masa faɗa, ya tuna masa cewa a bayansa akwai tsoho da mai rauni da mai bukata. A lura, an ambaci mai rauni daban da tsoho, a wata ruwayar kuma daban da marar lafiya. Wato akwai wanda ba tsoho ba ne, ba ya kuma kwance, amma tsayuwar ta fi ƙarfinsa, kuma liman ne aka ɗora wa sanin da zamansa. Duba sahun tarawihi a kowane masallacin unguwa: za ka ga wanda ke sauya ƙafa, yana dafa gwiwa, daga bisani ya zame ya zauna ya ƙarasa raka'ar a zaune. Saboda shi aka yi wancan faɗan. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kuma, da ya ga kamar yana da fifiko a kan na ƙasa da shi, an gaya masa cewa ai saboda raunana ake ba ku nasara da arziki. Sayyidina Abubakar a huɗubarsa ta kama mulki ya ce mai rauni a cikinku ƙaƙƙarfa ne a wurina har sai na karɓo masa hakkinsa.

Wannan ba ya nufin addini ya yabi rauni. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri, ya kuma fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, sai dai ya ƙara da cewa a cikin kowannensu akwai alheri. Haka hadisi na 34 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda 'yan Islamiyya ke haddacewa: wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannunsa, in bai iya ba da harshensa, in bai iya ba da zuciyarsa, wannan shi ne mafi raunin imani. Mutane kan jefi juna da ƙarshen hadisin kamar gori, alhali sharaɗin da ke ciki shi ne in bai iya ba. Wanda ya iya ya ƙi, ba wannan matakin yake ba, wani suna gare shi.

A ilimin hadisi kalmar ta zama ma'auni mai ƙa'ida. Hadisi ingantacce ne, ko kyakkyawa, ko mai rauni, ko ƙirƙirarre, kuma na uku da na huɗu ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a muhawarar Facebook an mayar da su ɗaya. Hadisi yakan yi rauni ne in sarƙar masu ruwayarsa ta yanke a wani wuri, ko a cikinsu akwai wanda haddarsa ba ta da ƙarfi, ko wanda ba a san halinsa ba. Mai raunin hadda yana iya zama mutumin kirki mai tsoron Allah, mantuwa ce kawai ke damun sa. Shi ya sa hadisi mai ɗan rauni yana iya ƙarfafa in ya zo ta wasu hanyoyi, ƙirƙirarre kuwa ko ta hanya ɗari ya zo ƙarya ne. Malamai sun yi saɓani a kan aiki da mai rauni wajen falalar ayyuka. Ibn Hajar ya kawo sharuɗɗa uku ga masu halattawa: kada raunin ya yi tsanani, ya kasance yana ƙarƙashin wani asali tabbatacce, kuma kada mai aiki da shi ya ƙudurce tabbas Annabi ya faɗa. Wasu kuwa, irin su Albani a zamaninmu, sun zaɓi a bar shi gaba ɗaya. Duk wanda zai ce wa abokin muhawararsa hadisinka da'ifi ne, wato mai rauni, ya kamata ya san wanne daga cikin waɗannan yake nufi.

Ita wannan da'ifi ma sau biyu ta shigo Hausa, da'ifin da muke faɗa yau shi ne shigowa ta biyu. Shigowar farko tsohuwa ce, tun zamanin da harafin Larabcin nan mai nauyi da ke farkonta ke komawa "l" a bakinmu, kamar yadda ya faru a alwala da alƙali da farilla da layya da lamiri da larura. A wannan zuwan ta zama la'ifi, ma'anarta kuma ta ƙuntata ta tsaya a kan namijin da ba ya iya biyan hakkin aure. Shari'ar Malikiyya ba ta ɗauki wannan abin dariya ba, takan ba shi shekara guda ya nemi magani, in bai samu ba matar na da zaɓin rabuwa. Yau kunya ta sa an fi cewa raunin mazakuta, kuma a kan wannan lafazin ne masu tallar magani da lasifika a tasha suke cin kasuwa, alhali sau da yawa abin da ke ƙarƙashinsa ciwon suga ne ko hawan jini, waɗanda ke bukatar likita.

A fagen shugabanci kuwa rauni hujja ce ta hana mutum kujera ba tare da an ci mutuncinsa ba. Abu Zarri, wanda aka shaida da gaskiya da gudun duniya, ya nemi a ba shi wani muƙami, Manzon Allah (SAW) ya dafa kafaɗarsa ya ce masa kai mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Ba a taɓa imaninsa ba, kayan ne ba nasa ba. Mu kan gaza riƙe waɗannan biyu a lokaci guda. In muna son mutum sai mu ce tunda mai kirki ne zai iya mulki, in ya kasa kuma mu koma mu ce ashe mugu ne. Sau da yawa ba ɗaya ba ne daga ciki, mutumin kirki ne da ba ya iya ce wa na kusa da shi a'a.

Sai zancen da ake yawan yi cewa mata raunana ne. Akwai hadisin da ya tsananta a kan hakkin masu rauni biyu, maraya da mace, kuma abin da na fahimta shi ne gargaɗi ne ga wanda ke da ikon danne su, a gado ko a sadaki ko a ciyarwa. Amma sai ka ji an ɗauko lafazin an yi amfani da shi a hana yarinya karatu, ko a ƙi sauraron shawarar matar gida, wato kalmar da aka saukar don ta kare hakki ta zama abin da ake cinye hakkin da shi. A tambayi mai faɗar haka, rauni a kan wane kaya? Wadda ta yi surfe da daka, ta ɗebo ruwa da goyo a baya, ta kwana a zaune da marar lafiya, ba a ƙarfin jurewa aka fi ta ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Raunin da ake nufi na matsayi ne: in an cuce ta, hanyar da za ta bi ta karɓo hakkinta ta fi ta namiji tsawo da ƙaya.

Wannan ya kawo mu ga "masu rauni" na sanarwar gwamnati da ƙungiyoyin agaji, lafazin da ya yawaita tun da rikicin Boko Haram ya cika sansanoni da 'yan gudun hijira, ya ƙara yawa bayan kafa ma'aikatar jinƙai ta tarayya a 2019 da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Da can Hausa na rarrabewa: gajiyayyu, marasa galihu, masu ƙaramin ƙarfi, miskinai, marayu, kowanne da irin taimakon da ya dace da shi. Marar galihu gata ya rasa, ba ƙarfi ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana aiki, abin da yake samu ne bai isa ba. Yanzu an zuba su duka a buhu ɗaya.

Abin da ya fi damu na da wannan buhu shi ne yana ɓoye mai aikatawa. Alƙur'ani ya bambanta mai rauni da wanda aka raunana. A farkon Suratul Ƙasas an ce Fir'auna yana raunana wani ɓangare na mutanen ƙasarsa, a Nisa'i aya ta 75 kuma an yi maganar maza da mata da yara waɗanda aka raunana. Hausa na da wannan ginin a shirye, ba sai an aro ba. Manomin Zamfara ko Katsina da ke cika rumbu da gero da dawa, yana fitar da zakka, 'yan bindiga suka kore shi daga gonarsa ya dawo gari yana bin layin awo, ba rarrauna ba ne. Damtsensa na nan, sanin ƙasarsa na nan. In aka rubuta shi cikin masu rauni, abin da zai biyo baya buhun shinkafa ne da hoto. In aka rubuta cewa an raunana shi, dole mai karatu ya tambaya wa ya yi, wa ya kamata ya hana, kuma yaushe zai koma gonarsa kafin ruwan shuka ya wuce.